Daga Bayan Taga Zuwa Bakin Gado: Matsayin Mai Harhaɗa Magunguna a Sashen Gaggawa na Asibiti

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti ya san tagar ɗakin magani. Nan ne mutum yake miƙa takardar da likita ya rubuta, ya tsaya jira, a ƙirga masa ƙwayoyi, a gaya masa na safe da na rana da na dare. Saboda haka galibin jama'a sun ɗauka aikin mai harhaɗa magunguna bai wuce wannan taga ba. To, amma a cikin shekaru 50 ɗin da suka wuce an sami wani sauyi a asibitocin wasu ƙasashe, musamman Amurka da Birtaniya, inda wannan ma'aikaci ya fito daga bayan taga, ya zo ya tsaya a bakin gadon marar lafiya, a sashen da ya fi kowanne hayaniya, watau sashen gaggawa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bayyana abin da ya jawo wannan sauyi, da yadda ya faro, da irin aikin da mai harhaɗa magunguna yake yi a wurin, sa'an nan ta dubi abin da ya shafe mu a ciki. Abin da za a gani shi ne, gaggawa takan kawar da ido na biyu da aka saba sa wa magani kafin ya shiga jikin mutum, kuma an kawo mai harhaɗa magunguna ne domin ya mai da wannan ido ba tare da an ɓata lokaci ba.

2.0 Wane Ne Mai Harhaɗa Magunguna?

Ya kamata tun da farko a bambance mutane uku da akan haɗa su a jaka ɗaya. Na farko shi ne disfensa, wanda tun zamanin Turawa yake riƙe da ɗakin shan magani na ƙauye. Na biyu shi ne mai kemis, wanda aka ba izinin sayar da wasu magunguna na yau da kullum. Na uku, wanda a kansa za mu yi magana, shi ne wanda ya yi karatun ilmin magunguna a jami'a, shekara 5 ko 6 a nan Nijeriya, ya ƙara da shekara guda ta sanin makamar aiki, sa'an nan hukuma ta ba shi lasisi. Karatunsa ya ƙunshi sanin abin da magani yake yi wa jiki da abin da jiki yake yi wa magani: yadda hanta take sarrafa shi, yadda ƙoda take fitar da shi, da wanda idan ya gamu da wani a cikin jini za su yi ɓarna.

Sashen gaggawa kuwa shi ne ƙofar asibiti da ba a rufewa dare da rana, inda ake kai wanda ya yi haɗarin mota, ko ya yanke jiki ya faɗi, ko ya sha guba, ko numfashinsa ya sarƙe.

3.0 Abin da Ya Sa Sashen Gaggawa Yake da Haɗari

A sauran ɗakunan kwanciya na asibitin da ya tsaru, magani yakan bi ta hannu uku. Likita ya rubuta, mai harhaɗa magunguna ya duba ya fitar, nas ta ba marar lafiya. Hikimar wannan tsari ita ce, abin da ya kuɓuce wa na farko na biyu ya gano shi. A sashen gaggawa kuwa, sau da yawa hannu na tsakiya ba ya nan. Likita yakan faɗi umarni da baki, nas ta buɗe akwatin magungunan da ke ajiye a sashen ta ɗauko, ta zuƙa a sirinji, a yi allura cikin minti ɗaya ko biyu.

Bayan wannan akwai wasu abubuwa guda uku. Da farko dai, ba a san marar lafiyar ba. Watakila a sume aka kawo shi, ba mai iya faɗin maganin da yake sha a gida, ko wanda jikinsa ba ya karɓa. Na biyu, ma'aikata suna kula da mutane da yawa a lokaci guda, ana ta katse musu aiki. Na uku, magungunan da ake amfani da su a nan masu ƙarfi ne ƙwarai, waɗanda tsakanin abin da zai warkar da abin da zai kashe babu nisa.

Alal misali, mu ɗauki allurar adirenalin. Iri biyu ake yin ta. Akwai mai kauri, wadda kowane mililita ɗaya yake ɗauke da miligiram 1, ita ake yi a tsoka ga wanda jikinsa ya yi mummunan bori, maƙogwaronsa ya kumbura bayan harbin zuma ko allurar fenisilin. Akwai kuma wadda aka tsinka sau goma, ita ake turawa ta jijiya idan zuciya ta tsaya. Suna ɗaya, ruwa iri ɗaya a ido, amma idan aka tura mai kaurin kai tsaye ta jijiyar mutumin da zuciyarsa take bugawa, ana iya hallaka shi. Haka nan maganin yara, da nauyin jikinsu ake auna shi. A Amurka jama'a da ma'aunin fam suke faɗin nauyi, littattafan magani kuwa da kilogiram, kuma kilogiram 1 daidai yake da fam 2.2. Ke nan idan aka rubuta fam a gurbin kilogiram, yaro zai sami fiye da ninkin abin da ya kamata. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa, amma a wannan ɗaki ba dama a bar saurin.

4.0 Yadda Abin Ya Faro

A Amurka aka fara wannan tafiya. A shekarar 1962 Jami'ar Kentaki ta buɗe cibiyar bayani a kan magunguna, inda likita zai tambaya mai harhaɗa magunguna ya amsa masa. A 1966 kuma, a asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, aka buɗe ƙaramin ɗakin magani a hawa na tara, a cikin ɗakin masu jinya, masu harhaɗa magunguna suka riƙa zama tare da likitoci da nas-nas. Wannan gwaji ne ake ɗauka ɗaya daga cikin tushen aikin harhaɗa magunguna na bakin gado.

A daidai wannan zamani ne kuma likitancin gaggawa yake tsayawa da ƙafarsa. An kafa ƙungiyar likitocin gaggawa ta Amurka a 1968, aka fara horar da ƙwararrunsu a Jami'ar Sinsinati a 1970, aka amince da fannin a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta a 1979. Ba a daɗe ba waɗannan hanyoyi biyu suka haɗu. A 1977 wani mai harhaɗa magunguna, Robert Elenbaas, tare da likitoci biyu abokan aikinsa a birnin Kansas, suka wallafa bayanin yadda irin wannan ma'aikaci yake aiki a sashen gaggawa. Duk da haka, an shafe shekaru sama da 20 abin bai bazu sosai ba.

Abin da ya farkar da hukumomi shi ne wani rahoto da Cibiyar Likitanci ta Amurka ta fitar a 1999, wanda ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 suke mutuwa kowace shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakuran da za a iya kauce musu, kuma kuskuren magani yana daga ciki. Daga nan asibitoci suka shiga neman inda ɓarakar take. A 2008 ƙungiyar masu harhaɗa magunguna na asibitocin Amurka ta fitar da matsayinta cewa ya kamata kowane asibiti ya tanadar wa sashen gaggawa wannan hidima, ta biyo da cikakkun ƙa'idoji a 2011. A 2015 su kansu likitocin gaggawa, ta bakin ƙungiyarsu, suka goyi bayan hakan. A 2020 kuma hukumar da ke ba masu harhaɗa magunguna shaidar ƙwarewa ta amince da aikin gaggawa a matsayin fanni na musamman. A yau wanda yake son wannan aiki a can yakan gama digirinsa, ya yi shekara guda ta horon asibiti, ya ƙara wata shekara a sashen gaggawa kaɗai.

Matsalar ba ta Amurka ba ce ita kaɗai. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin rage cutarwar da magani yake yi, ta kuma ƙiyasta cewa kurakuran magani suna jawo wa duniya asarar dala biliyan 42 a shekara.

5.0 Ayyukansa a Sashen

5.1 Tsayawa wurin ceton rai

Idan zuciyar mutum ta tsaya, likita yana jagoranci, wasu suna danna ƙirji, wani yana kula da numfashi. Mai harhaɗa magunguna shi yake tsaye a gaban akwatin magani. Yana lura da agogo, domin ana maimaita adirenalin duk bayan minti 3 zuwa 5, ya zuƙa ta gaba tun kafin a nema, ya manna wa kowane sirinji suna, ya maimaita umarnin likita da ƙarfi don a tabbata abin da aka ji shi aka faɗa. Da haka nas take samun sarari ta fuskanci marar lafiya.

5.2 Lissafin magungunan da ba sa jira

Shanyewar ɓarin jiki ta ishe mu misali. Idan gudan jini ne ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, akwai maganin narkar da shi mai suna alteples, wanda Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a 1996. Da farko cikin awa 3 da fara ciwon ake ba da shi, bayan wani bincike na 2008 aka ƙara wa'adin zuwa awa huɗu da rabi. Ma'auninsa miligiram 0.9 ne ga kowane kilogiram na nauyin jiki, kuma ba a wuce miligiram 90 kome ƙibar mutum. Mai nauyin kilogiram 70 ke nan zai sami miligiram 63: a tura kashi ɗaya cikin goma, watau 6.3, cikin minti guda, sauran 56.7 su shiga a hankali cikin awa ɗaya. Kafin a fara kuma dole a tabbata hawan jininsa ya sauka daidai gwargwado, kuma ba ya shan maganin tsinka jini irin su wafarin har jininsa ya tsinke, in ba haka ba maganin zai iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Yayin da ake ɗaukar hoton kan marar lafiya, mai harhaɗa magunguna yana wannan bincike da lissafi, don kada a ɓata minti ko ɗaya bayan likita ya yanke shawara.

Haka abin yake ga wanda ƙwayoyin cuta suka mamaye jininsa har jinin ya faɗi. Ƙa'ida ita ce a fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cikin awa ɗaya. Wane za a zaɓa, nawa za a ba mai raunin ƙoda, wanne za a fara sa wa idan jijiya ɗaya kawai aka samu, duk tambayoyi ne da suka faɗo cikin fanninsa.

5.3 Binciken abin da marar lafiya yake sha a gida

Tsoho mai ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya yana iya zuwa da magunguna bakwai ko takwas, daga likitoci daban-daban. Mai harhaɗa magunguna yakan zauna da shi ko da danginsa, ya duba kwalabe da kwalaye, ya tuntuɓi kantin da ya saya, ya fito da jeri ɗaya sahihi. A nan ne sau da yawa ake gano cewa maganin ne da kansa ya kawo mutumin asibiti, kamar wanda jiri ya kayar saboda ya haɗa magungunan hawan jini biyu masu aiki iri ɗaya.

5.4 Guba da makarinta

Kowace guba da makarinta, da kuma lokacinta. Wanda ya sha farasitamol fiye da kima yana iya zama garau a ranar farko alhali hantarsa tana lalacewa, makarinsa kuwa ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 8. Wanda ya sha maganin ƙwari irin na fiya-fiya, atirofin ake yi masa, a yi ta ƙarawa har majinar ƙirjinsa ta bushe, wani lokaci abin da za a kashe wa mutum ɗaya ya fi duk abin da aka ajiye a sashen. Aikin mai harhaɗa magunguna ne ya tabbata makarin yana nan, bai lalace ba, kuma ya isa.

5.5 Bayan sallama

Yawancin waɗanda suka zo sashen gaggawa gida suke komawa. Shi yake yi musu bayanin maganin da za su tafi da shi. Har ila yau, idan sakamakon gwajin fitsari ko na jini ya fito bayan kwana biyu ko uku, ya nuna ƙwayar cutar ba ta jin maganin da aka bayar, a asibitoci da yawa shi ne yake bibiya, a kira mutumin a sauya masa.

6.0 Hanyar da Birtaniya Ta Bi

Birtaniya ta ƙara taku ɗaya a kan wannan. Tun 2006 doka ta ba mai harhaɗa magunguna da ya yi ƙarin horo ikon rubuta magani da kansa, an kuma tsara cewa daga 2026 sababbin da suka yi karatu a kan sabon tsari za su sami wannan iko tun ranar da aka yi musu rajista. Dalilin da ya tura su shi ne cunkoso da ƙarancin likitoci, ga kuma ƙa'idar da gwamnati ta sa a Ingila cewa a gama da wanda ya zo sashen gaggawa cikin awa 4. Saboda haka a wasu asibitocin can ana horar da mai harhaɗa magunguna ya duba masu ƙananan larurori da kansa, ya rubuta musu magani, ya sallame su, likitoci kuma su fuskanci masu tsanani.

A nan akwai abin lura. Idan wanda aka kawo don ya zama ido na biyu ya koma shi ne mai rubutawa, to shi ma yana bukatar wanda zai duba bayansa. Ke nan bambancin ƙasashen biyu a fili yake: a Amurka an fi ɗaukarsa ƙwararren mai ba da shawara a kan magani, a Birtaniya kuwa an ƙara masa da ɗaukar wani kaso na aikin duba marasa lafiya.

7.0 Matsaloli

Babbar matsala ita ce kuɗi. Sashen gaggawa ba ya barci, kuma kafin a sami mutum a wurin awa 24, kwana 7 a mako, sai an ɗauki ma'aikata da yawa. Shi ya sa ko a Amurka asibitoci da dama suke ajiye shi a lokutan da aka fi cunkoso kawai, ƙananan asibitocin karkara kuwa sukan dogara da tuntuɓa ta waya ko ta kwamfuta. Amfaninsa kuma yana da wuyar nunawa a takardar kasafi, domin kuskuren da aka hana aukuwa ba ya barin alama.

Matsala ta biyu ita ce zaman tare. Likitan da ya saba umarninsa ba ya dawowa yana iya jin nauyi idan aka ce masa ma'aunin nan ya yi yawa. Shi ma mai harhaɗa magunguna dole ya koyi magana a taƙaice, ya san abin da ya cancanci a tsai da aiki dominsa da abin da zai iya jira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai hannuwan sun san juna.

8.0 Abin da Ya Shafe Mu

Mai karatu yana iya cewa wannan zance ne na ƙasashen da suka wadata. Amma lissafin da ke kashewa ko ya raya yana nan a asibitocinmu kullum, ko da yake cututtukan sun bambanta. Mu ɗauki zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wani babban bincike da aka yi a kan yaran Afirka, wanda Ilorin tana cikin wuraren da aka gudanar da shi, ya nuna a 2010 cewa allurar atesunet ta fi kwinin ceton rai, shi ya sa ta zama zaɓi na farko. Gari ce take zuwa a 'yar kwalba mai miligiram 60. Sai an narkar da ita da ruwan da aka haɗo ta da shi, mililita 1, a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri, kowane mililita ya zama yana ɗauke da miligiram 10. Babba miligiram 2.4 ake ba shi ga kowane kilogiram, yaron da bai kai kilogiram 20 ba kuwa miligiram 3. Yaro mai kilogiram 12 ke nan zai sami miligiram 36, watau mililita 3.6, a maimaita bayan awa 12, a sake a awa ta 24. Wanda aka haɗa kuma ba a ajiye shi don allura ta gaba. A daren damina, ɗaki cike da yara masu jijjiga, kowane mataki a cikin waɗannan wuri ne da ƙafa za ta iya zamewa. Haka kuma makarin dafin kububuwa, wanda asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya shahara da jinyar waɗanda ta sara: samunsa, da adana shi, da shirin tarar borin da jiki kan yi masa, duk aikin masanin magani ne.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar wanda yake cikin halin gaggawa. Amma karɓa ba ta wadatar idan za a miƙa wa dangi takarda su fita neman allura a tsakar dare. Matakin farko a wurinmu ke nan shi ne ɗakin magani a cikin sashen gaggawa ko a jikinsa, buɗe dare da rana, da akwatin ceton rai wanda wani takamaimai yake dubawa kullum. Mataki na biyu shi ne a bar wanda ke cikin ɗakin ya fito zuwa bakin gado. Digirin shekara 6 da jami'o'inmu suka fara bayarwa, wanda Jami'ar Benin ta yi wa sauran jagora a kansa, an tsara shi ne domin irin wannan aiki.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa sashen gaggawa wuri ne da ake ba da magunguna mafi ƙarfi, ga mutanen da aka fi jahiltar tarihinsu, a cikin lokaci mafi ƙanƙanta. Mun ga yadda Amurka ta fara kai mai harhaɗa magunguna wurin tun shekarun 1970, da yadda rahoton 1999 ya ƙara wa abin ƙaimi, da yadda Birtaniya ta ba shi har ikon rubuta magani. Likita ne dai yake gano ciwo ya yanke shawara, nas ce take jinya, shi kuwa nasa shi ne ya tabbata maganin da ya dace ne ya shiga jikin da ya dace, a ma'aunin da ya dace, a kan lokaci. Ya rage ga hukumomin asibitocinmu su dubi wannan gurbi. Mu kuma jama'a akwai namu kason, wanda ba ya cin ko kwabo: duk ranar da larura ta sa za a garzaya da wani asibiti, a haɗa da kwalabe da kwalayen magungunan da yake sha, har da na gargajiya, a nuna wa ma'aikata.